Neman Ciki Bayan Barin Maganin Tazarar Haihuwa

Yawancin hanyoyin tazarar haihuwa na asibiti an yi su ne don a bar su wata rana. Mace takan sha ƙwaya, ko ta yi allura, ko a sa mata ashana a dantse, da niyyar ta huta shekara biyu ko uku sannan ta koma haihuwa. Ruɗanin yakan taso ne bayan an bari: wata ta samu ciki kafin ma ta ga al'ada, wata kuma ta shekara shiru. Daga nan zance ya bazu cewa maganin yana ƙona mahaifa ko yana cinye ƙwan haihuwa. Abin da binciken likitanci ya tabbatar shi ne cewa waɗannan hanyoyi ba sa kashe haihuwa, amma ɗaya daga cikinsu, wato allura, tana jinkirta dawowarta da watanni masu yawa, kuma ba kasafai ake gaya wa mata hakan ba ranar da za a yi musu ita.

Ma'anar kalmomi

Tazarar haihuwa ita ce ba da rata tsakanin haihuwa da haihuwa, abin da mata kan kira filanin. Ta bambanta da tsayar da haihuwa baki ɗaya, wanda ake yi ta hanyar tiyatar ɗaure bututun ƙwai, wadda jama'a ke cewa juya mahaifa, ko ɗaure bututun maniyyi ga namiji. Wannan tiyata ba a yin ta da niyyar kwancewa, kuma ko an yi yunƙurin gyarawa ba lallai a dace ba, don haka ba ta cikin wannan bayani.

Homon sinadari ne da jiki ke sarrafawa ya saki cikin jini don ya isar da umarni ga wata gaɓa. Biyu ne suka fi shafar haihuwar mace: estirojin da furojestaron. Ƙwaya da allura da ashana duk suna ɗauke da kwaikwayon ɗayansu ko na dukkansu. Ashana ita ce 'yar siririyar robar da ake sa wa a ƙarƙashin fatar dantse. Robar mahaifa kuwa ƙaramar na'ura ce mai siffar harafin T da ake zaunarwa a cikin mahaifa.

Rashin haihuwa, a ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi, shi ne a yi wata 12 ana saduwa a kai a kai ba tare da wata kariya ba, ciki bai samu ba. Abin da bai kai haka ba galibi jira ne, ba cuta ba.

Yadda ciki ke shiga, da abin da magani ke dakatarwa

Ana ƙirga zagayen al'ada daga ranar farko ta ganin jini zuwa ranar farko ta jini na gaba, kuma ga mace mai lafiya yakan kama daga kwana 21 zuwa 35. A kowane zagaye ƙwaƙwalwa na aika homon zuwa ma'ajiyar ƙwai, ƙwai ɗaya ya nuna, ya fito ya shiga bututu. Fitowar takan zo ne kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Mai zagayen kwana 28 takan saki ƙwai wajen rana ta 14, mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa ma'aurata su yi ta auna ranar da ba ita ba.

Ƙwan mace ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai, amma ƙwayoyin maniyyi kan kai kwana 5 a jikinta. Saboda haka kwanakin da ciki kan iya shiga kusan 6 ne a wata: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Jiki yakan ba da alama a lokacin. Ruwan gaba yakan ƙaru, ya zama garau mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, har ya miƙe tsakanin yatsu biyu ba tare da ya tsinke ba. Bayan ƙwai ya fita sai ya koma kauri ko ya ɗauke.

Magungunan homon suna katse saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai, suna kuma kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai ratsa ba. Ba sa taɓa ƙwayayen da ke ajiye. Mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, wajen miliyan 1 zuwa 2, kuma suna raguwa da shekaru ko ta sha magani ko ba ta sha ba. Maganin bai ƙara saurin ƙarewarsu ba, bai kuma adana mata su ba.

Ƙwaya, ashana da robar mahaifa

Sinadarin ƙwayar da ake sha kullum yakan bar jiki cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ma mantuwar kwana biyu ko uku ke iya kawo ciki. Bayan an daina, yawancin mata kan koma sakin ƙwai cikin wata 1 zuwa 3, wasu tun makonnin farko. Tsawon shekarun da aka yi ana sha ba ya ƙara jinkirin. Ƙwayar gaggawa irin su Postinor-2, wadda ake sha bayan saduwa, takan iya rikita al'adar watan amma ba ta da wani tasiri a kan haihuwar gaba.

Ashana iri-iri ce. Implanon sanda ɗaya ce ta shekara 3, Jadelle sanda biyu ce ta shekara 5. Da zarar an cire, homon ɗin yakan ɓace daga jini cikin kwanaki, ƙwai kuma ya dawo cikin makonni. Matsalar da ta fi addabar masu ashana ba ta jiki ba ce, ta samun wanda zai cire ce: sa ta ya fi cire ta sauƙi, kuma cirewar tana buƙatar ma'aikacin lafiya da ya ƙware da kayan aiki masu tsafta.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ke kai shekara 10 zuwa 12, babu homon a cikinta sam. Mai ita tana sakin ƙwai kowane wata, don haka tana iya ɗaukar ciki a watan da aka cire. Mai homon ɗin ma, irin su Mirena, haihuwa ba ta daɗewa ba ta dawo ba.

Allura: inda jinkirin yake

Allurar wata uku, Depo-Provera, ana yin ta cikin tsoka, miligiram 150. Sayana Press sinadarinsu ɗaya, sai dai miligiram 104 ce kuma a ƙarƙashin fata ake yin ta, har mace kan iya yi wa kanta. Nijar na cikin ƙasashen farko da aka fara gabatar da ita a 2014. Akwai kuma Noristerat ta wata biyu. Allura tana da farin jini a ƙasar Hausa saboda dalilai bayyanannu: ba ta buƙatar tunawa kullum, ba ta barin alama a jiki, kuma babu fakitin da za a gani a ɗaki.

Bambancinta da sauran hanyoyi shi ne ba a iya cire ta. Maganin yana zaune a inda aka zuba shi yana narkewa a hankali, kuma cikar wata uku ba ya nufin ya ƙare. Yana nufin ƙarfinsa ya fara sauka ƙasa da abin da za a dogara da shi. Ragowar kan ci gaba da danne fitar ƙwai na wani lokaci. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa matsakaicin lokacin samun ciki shi ne kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe ta Depo-Provera, da kimanin wata 6 ga Noristerat. Wasu mata kan kai wata 18.

A ɗauki misalin macen da ta yi allurar ƙarshe a watan Janairu. Ranar komawarta Afrilu ce, ba ta koma ba. A lissafinta ta bar filanin tun farkon shekara, don haka idan Satumba ta zo babu ciki, a wajenta da wajen dangin miji wata takwas ke nan ana jira. A lissafin jiki kuwa, wataƙila a Yuli ko Agusta ta fara sakin ƙwai, ke nan damar da ta samu ba ta wuce biyu ba. Samun cikinta a Nuwamba daidai yake da na yawancin mata, kuma ko ya kai tsakiyar shekara mai zuwa bai fita daga abin da aka sani game da maganin ba. Wadda ta yi allura sau biyu da wadda ta yi shekara biyar tana yi jinkirinsu kusan ɗaya ne, domin allurar ƙarshe ce ke aiki, ba tarin na baya ba.

Ɗaukewar al'ada ita ce ta fi tayar da hankali. Kusan rabin masu Depo-Provera ba sa ganin jini bayan shekara guda da farawa, kuma ana yawan cewa jinin yana taruwa ne a mara ya dunƙule ya zama ƙari. Ba haka ba ne. Jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce da ke kauri kowane wata sannan ta zube. Allura tana hana ta kauri, don haka babu abin da zai zubo, babu kuma abin da ya taru. Haka nan wannan ɗaukewa ce wasu kan ɗauka a matsayin kwantaccen ciki, alhali awon fitsari ko hoton ciki zai raba gardama cikin mintuna. Babu wani jiƙo, ko ƙarin ruwa, ko wankin ciki da ke fitar da allura daga jiki. Wankin ciki ba gaira ba dalili ma yana iya jawo tabo a mahaifa ko shigar ƙwayoyin cuta, wato ya haifar da ainihin abin da ake tsoro.

A nan akwai gyara a ɓangaren masu ba da maganin. Macen da ke son hutun shekara ɗaya kacal, ko wadda ta haura 35 kuma tana son ƙarin haihuwa, allura ba ita ce ta fi dacewa da ita ba, kuma haƙƙinta ne ta ji haka kafin a soke ta.

Tushen zargin

Tsoron bai faɗo daga sama ba. A farkon shekarun 1970 an sayar da wata robar mahaifa mai suna Dalkon Shield a Amurka da wasu ƙasashe, wadda ta jawo wa mata da yawa mummunan ciwon mara, wasu suka rasa haihuwa, wasu suka rasa rai, har aka dakatar da sayar da ita a Amurka a 1974. Depo-Provera kanta an daɗe ana amfani da ita a ƙasashe masu tasowa kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a matsayin maganin hana ɗaukar ciki a 1992, kuma Zimbabuwe ta taɓa haramta ta a 1981 saboda yadda aka riƙa yi wa baƙaƙen mata ita a zamanin mulkin tsirarun fararen fata.

A arewacin Najeriya akwai ƙarin tabo. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar rashin yarda mai zurfi, kuma a 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda bisa zargin cewa an sa masa maganin hana haihuwa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin a yi wa allurar tazara kallon tuhuma ba.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta wucin gadi bisa yardar miji da mata, ta kuma hana yanke haihuwa baki ɗaya sai da larura. Wannan ya sa tambayar ko haihuwa tana dawowa ta zama mai nauyi biyu ga Musulmi: a kanta lafiya ta rataya, a kanta kuma hukuncin ya ginu.

Abin da bincike ya nuna, da inda aka saɓa

A 2018 wasu masu bincike biyu daga Habasha sun tattara nazari 22 da suka ƙunshi mata kusan 15,000, suka gano cewa kashi 83 cikin 100 sun samu ciki cikin shekara guda da barin magani. Adadin bai yi nisa da na ma'auratan da ba su taɓa amfani da komai ba, waɗanda fiye da kashi 80 cikin 100 kan samu a shekarar farko, sannan kusan rabin ragowar su samu a ta biyu. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2020, kan mata kusan 18,000 a Denmak da Arewacin Amurka, ya auna jinkirin da zagayen al'ada: kimanin 2 ga ashana da robar mahaifa, 3 ga ƙwaya, 5 zuwa 8 ga allura. Game da robar jan ƙarfe, binciken da aka yi a Meziko aka buga a 2001 ya nuna toshewar bututu tana da alaƙa da cutar kilamidiya da ake ɗauka ta saduwa, ba da robar ba.

Saɓanin da ya rage tsakanin masana ba a kan ko haihuwa na dawowa ba ne, a kan sauri ne. Yawancin nazarin farko a ƙasashe masu arziki aka yi su. Waɗanda suka duba bayanan ƙidayar lafiya na ƙasashe masu tasowa sun ga cewa a cikin shekarar farko masu barin allura, har ma da masu barin ashana, suna ɗan baya da masu barin hanyoyin gargajiya. Wasu na ganin wannan dalili ne na a daina cewa mata haihuwa za ta dawo nan take ba tare da ƙarin bayani ba. Wasu kuma na jan hankali cewa irin waɗannan bayanai sun dogara ne da abin da mace ta tuna, kuma shayarwa da rashin lafiya da tafiye-tafiyen miji duk suna shiga lissafin.

Abubuwan da ake ɗora wa magani

Shekaru su ne na farko. Macen da ta fara tazara tana 31 ta bari tana 37 ba ta koma inda ta tsaya ba. Damar samun ciki a wata guda takan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ga 'yar ƙasa da 30, ta sauka zuwa kusan kashi 5 a shekara 40.

Na biyu ɓoyayyen ciwo. Jinin da mai shan ƙwaya ke gani kowane wata ba al'ada ta haƙiƙa ba ce, jini ne da ke zuwa saboda an tsagaita homon na mako guda. Mace mai rikicewar al'ada tun asali, kamar mai larurar ƙananan ƙuraje a ma'ajiyar ƙwai wadda likitoci ke kira PCOS, ko mai matsalar maƙoƙo, ko mai yawan homon ɗin nono, za ta ga komai ya daidaita muddin tana sha. Ranar da ta bari sai tsohuwar matsalar ta dawo, a ce ƙwaya ce ta kawo ta.

Na uku shi ne abin da ake tarawa a ƙarƙashin sunan sanyi. Cututtukan saduwa, da ciwon da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsafta, suna toshe bututun ƙwai, kilamidiya kuma sau da yawa ba ta nuna wata alama. Babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya nuna irin wannan toshewa ta fi yawa a Afirka fiye da kowane yanki, kuma ita ce ke sa a ga mace ta haihu ɗaya ko biyu sannan haihuwa ta tsaya. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan madatsai da kududdufai, ita ma tana taɓa al'aurar mace da ta namiji. Ban da kwaroron roba, babu hanyar tazara da ke kare mutum daga cutar saduwa.

Na huɗu namiji. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai matsala a ɓangaren miji, shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin saduwa ba shaida ba ce ta lafiyar maniyyi, haka ma 'ya'yan da aka haifa shekaru goma da suka wuce ko da wata matar, domin ciwon sanyi, ciwon suga, hangum bayan balaga, taba da wasu magunguna duk suna iya sauya lamarin daga baya. A ɓangaren mace kuma, shayarwa ma tana jinkirta fitar ƙwai, musamman idan yaro yana tsotso dare da rana.

Shiri kafin ciki

Babu hujjar cewa cikin da ya shiga nan da nan bayan barin ƙwaya ko ashana ya fi saurin zubewa ko yana kawo naƙasa. Shawarar da wasu likitoci ke bayarwa ta a jira al'ada ɗaya don sauƙin lissafin watannin ciki ne kawai. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ratar da ke tsakani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, da wata 6 bayan ɓari. Ratar farko ta yi daidai da al'adar yaye da ƙyamar kwanika da Hausawa suka gada.

Ana son mace ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ciki, domin lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da sau da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Mai hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya tana buƙatar likita ya duba magungunanta tukuna. Gwajin ƙarancin jini, rukunin jini, sikila, ciwon hanta da ƙanjamau duk wannan ne lokacinsu. Saduwa kowane kwana 2 ko 3 a tsawon wata ta wadatar ba tare da an tsaya ƙirga ranaku ba.

Sayen maganin sa ƙwai irin su Clomid a kemis ba tare da awo ba ganganci ne. Ba ya buɗe toshewar bututu, ba ya gyara maniyyi, yana kuma ƙara yiwuwar tagwaye da kumburin ma'ajiyar ƙwai. Cushe-cushen matsi da haɗe-haɗen wanke mahaifa su ma suna iya ƙona fatar ciki su kawo cuta.

Lokacin zuwa asibiti

Macen da ba ta kai 35 ba ana ba ta wata 12 na nema kafin a shiga bincike, mai 35 zuwa sama wata 6, mai 40 kuwa ba a jira. Wadda ta bar ƙwaya, ashana ko roba ta yi wata 3 babu al'ada, sai a fara da awon ciki, in babu a duba homon. Mai allura tana da ƙarin uzuri, amma idan shekara ta cika daga allurar ƙarshe jini bai dawo ba, ya kamata a duba ta. Ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, tarihin ciki a wajen mahaifa ko ɓari a jere duk dalilai ne na zuwa da wuri.

Binciken na mutum biyu ne. Awon maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha, ana yin sa bayan an ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7, kuma idan sakamakon bai yi kyau ba akan maimaita bayan kimanin wata uku, tunda sabon maniyyi yana ɗaukar sama da wata biyu kafin ya kammala. Ga mace akan yi awon jini don tabbatar da fitar ƙwai, da hoton mara, da wani hoto na musamman da ake zuba ruwa mai launi ta bakin mahaifa a ga ko bututu a buɗe suke. Ana yin waɗannan a sashen mata na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Katin asibitin tazara, mai ɗauke da sunan maganin da ranar allurar ƙarshe ko ranar cirewa, yana cikin abin da likita zai fara tambaya.